Tankin Bahago

Alcide Naquin ya gāji jirgin ne daga kawunsa, ya kuma gāje shi da dukan cututtukansa. Tsohon jirgin kamun jatan lande ne na katako, wanda ya girmi Alcide kansa, ya daɗe a kan turaku ƙarƙashin rumfar kwano a bakin rafin Coulon har kaji suka mayar da shi wurin ƙwai. Tun ƙarshen sanyi Alcide yake fama da shi. Ya cire katakan da suka ruɓe, ya toshe tsagogi, ya sauke injin ya wanke shi ya mayar. Abin da ya rage, wanda kuma ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, shi ne tankin mai.

Wani ɗan tankin ƙarfe ne da aka cusa can baya, tsatsa ta cinye gindinsa har in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Ko da lafiyarsa lau ma ba zai yi ba. A zamanin kawu, mutum na fita daga bakin rafi yake jefa taru. Yanzu ruwan gishiri ya cinye fadama, jatan lande sun yi nisa, gidan man da ke bakin gaɓa kuwa guguwar bara waccan ta tafi da shi, ba a sake ginawa ba. Duk mai son kamun kirki sai ya ɗauki man kwana da kwanaki. Babban tanki kuma in aka ɗora shi a baya, jirgin zai zauna da gindi ya ɗaga hanci sama kamar akuya mai leƙen katanga. Don haka Alcide ya yanke daɓen jirgin a tsakiya, ya buɗe rami tsakanin haƙarƙarin katako, inda nauyi zai zauna daidai. Rami ya samu, tanki ne babu. Mai waldan da ke garin gaba ya ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan an buɗe lokacin kamu na bana zai waiwaye shi.

Wata Asabar da safe yana cikin ramin yana goge katako, sai ya ji an yi hon a waje.

"Mijin Yaya! Fito daga kabarin nan ka ga abin arziki, kafin in canza ra'ayi!"

Wilfred Dardar ne, ƙanin matarsa Earline, mai kamun kaguwa, ɗan siriri mai baki kamar reza. Ya juyo da bayan a-kori-kurarsa har bakin rumfa. A ciki an rufe wani abu da tamfol. Ya yaye tamfol ɗin da yanga, sai ga dogon tankin alminiyam, mai faɗi, marar tsayi, irin wanda ake kwantarwa ƙarƙashin daɓe.

Alcide ya zagaya shi. Ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ji amon yana canzawa daga wuri zuwa wuri, alamar akwai shingaye a ciki masu hana mai tambal-tambal idan teku ta tashi. Aikin gwani ne. Ya ɗauko awo ya gwada tsawo da faɗi. Kamar don raminsa aka ƙera shi.

"Wa ya mutu ya bar maka gado?" ya tambaya.

Dariyar Wilfred ta ɗan makara kafin ta fito. "Kai dai ba ka iya godiya ba. Wani mutum ne can a jihar Mississippi yake farfasa tsohon jirgi, na ga wannan na ce mijin Yaya yana can yana kuka da hawaye. Kyauta na kawo maka. Ka dai riƙa tuna ni da manyan jatan lande, ba 'yan mitsi-mitsin da kake ba kyanwa ba."

Suka kama suka sauke shi a kan katakai. Wilfred bai tsaya shan kofi ba, abin da bai taɓa yi ba, ya ce tarkunansa na jira.

Alcide ya bi ƙurar motar da kallo. Ya san Wilfred tun yana yawo ba wando. Mutum ne da in ya ba ka aron guduma, sai duk gari ya ji labari. Yau ga shi ya kawo abu mai tsada haka, ya ajiye ya gudu kamar wanda ya yar da mushe.

Ya koma kan tankin, wannan karon a tsanake. A kusurwa guda, inda maƙeri kan manna 'yar faranti mai sunansa, an goge wurin da injin gurza, gugar kuwa sabuwa ce, tana ƙyalli. Cikin lungun ƙafafun da ake ɗaure shi da su akwai baƙin taɓo busasshe. Ya ɓantaro ya murza, ya kai hanci. Taɓon fadama ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin wanda ya taka tun yana yaro. Filin 'yan gwangwan ba ya da irin wannan taɓo. Ya kwance murfin, ya leƙa. Akwai sauran dizal a ƙasa, da ɗan ruwa kwance a ƙarƙashinsa.

Sai da ya zo tunanin inda zai huda daɓe don bututun zuba mai, sannan abin ya buge shi. Bakin tankin a hagu yake. Bututun shan iska ma a hagu. Duk jiragen rafin nan ta dama suke shan mai, saboda haka tsohon gidan man ya zauna. Mutum ɗaya ne kullum sai ya juya jirginsa ya shigo da baya, ana yi masa tsiya yana dariya, don shi komai nasa sai a hagu. Norris Verdin, bahago.

Alcide ya zauna a kan bokiti.

Kowa a rafin Coulon ya san yadda Norris ya ɓata. Ana gobe guguwa za ta sauka, ya tura matarsa Lorena wurin 'yar'uwarta a tudu, ya ce shi zai kai jirginsa cikin fadama ya ɓoye, ya biyo ta. Ba a sake ganinsa ba, ba shi ba jirgin. Jami'an ruwa sun nema ta sama da ta ƙasa, masunta sun bi lungu-lungu, Alcide ma yana cikinsu. Ko katako ɗaya ba a tsinta ba. Lorena ta zauna tun daga lokacin, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Ta ƙi yarda a yi masa addu'ar mamata a coci. Ta ce a nuna mata gawa tukuna.

Da rana Earline ta zuba masa jan wake da shinkafa. Ya yi ta juya cokali.

"Ka ga ɗan'uwana ya fitar da kai kunya," ta ce. "Kullum kana cewa ba shi da amfani. Har Morgan City ya je ya ɗauko maka."

"Morgan City ya ce miki?"

"Haka ya ce. Wani abokinsa ne mai gyaran jirage."

"Ni Mississippi ya ce mini."

Earline ta ajiye tukunyar da ɗan ƙarfi. "To sai me? Ɗaya gabas ɗaya yamma, tankin dai ga shi a rumfarka. Kai matsalarka ke nan, Alcide. A ba ka kaza sai ka tsaya ƙirga gashinta."

"Bakinsa a hagu yake, Earline."

Ta dube shi ba ta gane ba. Sai ta gane. Ya ga yadda fuskarta ta sauya, ta juya ta ba shi baya tana goge murhun da ba abin da ya zuba a kansa.

"Bahago ɗaya ne a duniya?" ta ce a hankali. "Kar ka jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu. Wilfred yana da baki, yana da ɗan hali, amma ba mugu ba ne. Ni na goya shi."

Akwai abin da su biyun suka tuna, ba wanda ya so ya fara faɗa. Watanni kaɗan kafin guguwar, Wilfred da Norris sun yi faɗa a bakin gaɓa a gaban jama'a. Norris ya ce ana zazzage masa tarkunan kaguwa, kuma ya san mai yi. Wilfred ya ce in bai iya bakinsa ba, wata rana zai fita bai dawo ba. Maganar fushi ce, masunta na faɗin abin da ya fi haka kullum, gobe ka gan su suna shan giya tare. Amma Norris ya fita, kuma bai dawo ba.

Kwanakin da suka biyo baya Alcide ya ci gaba da aiki kamar wanda ake turawa. Ya wanke cikin tankin, ya toshe bakunansa ya hura masa iska da famfo, ya shafa ruwan sabulu a kan kowace walda yana neman kumfa. Ko ɗigo. Ya yanka katakan da tankin zai kwanta a kai, ya shimfiɗa musu roba don kada alminiyam ya riƙa gugar itace. Komai ya shirya, amma ya kasa ɗaga shi ya saka a ramin. Kullum da yamma sai ya ja tamfol ya rufe.

Ya fara lura da Wilfred. Ya lura cewa ya daina biyowa ta gaban rumfar, sai ya zagaya ta hanyar coci. Ya lura da sabuwar fitila mai ƙarfi a kan kwale-kwalensa, wadda ba sabuwar kanti ba ce. A shagon ƙanƙara ya bugi cikin tsohon da ke awon kaguwa, kamar da wasa, ko Wilfred ya je Mississippi kwanan nan.

"Wilfred? Wannan motar tasa ko gadar gari ba ta hayewa sai da addu'a. Kullum yana nan. Sai dai yanzu ya koma kafa tarko can yamma, wajen tsofaffin magudanan kamfanin mai, inda ba kowa. Shi kaɗai ya san abin da yake samu a can."

Ran Laraba da hantsi, yana fenti, ya ji muryar mace a bayansa.

"Sannu da aiki, Alcide."

Lorena Verdin ce, da kwandon lemo daga bishiyar gidanta, ta kawo wa Earline. Ta rame, gashinta ya yi fari fat, amma tana tafe a miƙe kamar kullum. Alcide ya waiga. Iska ta ɗage gefen tamfol ɗin, kusurwar tankin tana waje. Ya matsa ya tsaya a gabanta, ya ji kansa kamar ɓarawo.

"Miss Lorena, sannu da zuwa. Earline na ciki."

"Jirgin Nonc Ulysse zai sake shiga ruwa ke nan," ta ce, tana shafa gefen katakon. Haka duk rafin ke kiran kawun nasa. "Norris yakan ce ba a sake yin jirgi mai kyan ƙira irin wannan ba, gindinsa ne kawai ya yi nauyi." Ta leƙa ramin da ya buɗe. "Ka samu tanki?"

"Ina dai nema," in ji Alcide.

Ta gyaɗa kai ta wuce cikin gida. Ya tsaya da buroshi a hannu, fenti na ɗiga a kan takalminsa. Bai taɓa yi wa matar nan ƙarya ba sai yau, kuma a kan kayan mijinta.

Bai ƙarasa fentin ba. Ya wanke hannu ya tafi bakin gaɓa, ya zauna a kan akwatin ƙanƙara har Wilfred ya shigo da kamunsa.

"A'a, mijin Yaya da kansa! An kore ka daga gida ne, ko ka zo koyon sana'a?"

"Ina jirgin Norris yake?"

Wilfred ya ci gaba da ɗaure igiya, ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa. "Wace irin magana ce wannan da tsakar rana?"

"Ka goge sunan maƙeri, amma ba ka iya mayar da baki daga hagu zuwa dama ba. Ka ce mini Mississippi, ka ce wa yayarka Morgan City. Taɓon da ke jikinsa na fadamarmu ne. Yau matarsa ta tsaya kusa da shi kamar daga nan zuwa can, na buɗe baki na yi mata ƙarya saboda kai. Ko ka faɗa mini, ko ka faɗa wa 'yan sanda."

Wilfred ya waiga hagu da dama. Ya share zufa da hularsa.

"Ba abin da kake zato ba ne."

"Ba ka san abin da nake zato ba."

"Na sani mana. Duk garin nan abin da za su zata ke nan, shi ya sa na yi shiru." Ya yi ƙasa da murya. "Bari in sauke kaguwar nan. Ka shigo in kai ka, ka gani da idonka."

Alcide ya dubi kwale-kwalen, ya dubi mutumin. Sai da ya shiga shagon ƙanƙara ya ce wa tsohon, da ƙarfi yadda Wilfred zai ji, in Earline ta neme shi a ce mata sun tafi yamma shi da ƙaninta. Sannan ya shiga, ya zauna a baya inda zai riƙa ganin hannuwan Wilfred.

Sun yi tafiya mai nisa. Suka bar rafi suka shiga magudanan da kamfanonin mai suka haƙa tun da daɗewa suka watsar, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, ciyawa ta rufe bakinsu. Wilfred ya karya ya shiga wata 'yar hanya da in ba ka sani ba za ka ce ciyawa ce zalla. Ya kashe inji, ya ɗauki gora yana turawa. Sauro ya taso musu. Can sai ciyawar ta buɗe, ga wani ɗan tafki kewaye da matattun itatuwa, ga jirgin Norris a tsakiya, ya karkata gefe guda, rabin gindinsa cikin taɓo, kurangar daji ta haye rufinsa.

"Da kaka na same shi," in ji Wilfred. "Ina bin agwagwa. Guguwa ce ta toshe bakin wurin da ciyawa, shi ya sa masu nema suka wuce shi. Kafin ka hau, dubi igiyoyin."

Alcide ya duba. Igiya huɗu ce, biyu gaba biyu baya, kowace an kai ta jikin kututture an ɗaure, an bar mata sassauci don ruwa in ya tashi jirgin ya tashi da shi. Sun yi kore, amma suna nan. Ya kama ƙulli ɗaya ya juya shi. An naɗa shi ne ta baibai, yadda bahago ke yi.

"Ya iso lafiya ke nan," ya ce.

"Ya iso lafiya, ya ɗaure jirginsa tsaf kamar mai zuwa coci. Hau ka ga ciki."

Daɓen a farke yake a tsakiya, inda Wilfred ya ciro tankin. Ɗakin tuƙi kuwa ba kowa, ba ƙashi, ba tsumma. Ƙusar da ake rataye rigar ruwa babu komai a kanta. Inda bindiga ke kwanciya fayau. An cire hoton Maryamu da Norris ke liƙawa a saman sitiyari, sai shacin wurin. Ƙaramin kwale-kwalen da yake ɗorawa a kan rufi shi ma babu.

"Haka na tarar," in ji Wilfred daga ƙasa. "Ƙofa a rufe, an saka mata sakata ta waje. Mutumin da ruwa ya ci ba ya tsayawa ɓamɓare hoto, mijin Yaya. Norris tafiya ya yi. Kwale-kwale ya shiga ya fita ta yamma, can akwai titi. Wani direban babbar mota ya taɓa ce mini ya ga mai kama da shi a wata tashar jiragen ruwa can yamma, a jihar Texas. Ban yarda ba sai da na ga wannan."

"Ko kuma ya shiga kwale-kwalen zai koma gida, guguwa ta riske shi a hanya."

"Da bindiga da hoto?"

"Wa ya ce shi ya ɗauke su? Kai ka ciri tanki. Fitilar da ke kan kwale-kwalenka ma tasa ce, na gane ta yanzu."

Wilfred ya sunkuyar da kai. "Tanki da fitila, na ɗauka. Na ga suna ruɓewa a banza, kai kuma kana nema. Amma na rantse da kabarin uwarmu ban taɓa sauran ba. To ka ce in yi yaya? In je in ce wa Miss Lorena ga jirgi, mijinki ya gudu ya bar ki? Ko in je wurin 'yan sanda, ni da na ce a gaban mutane zai fita bai dawo ba? Wa zai yarda tsintuwa na yi?"

Alcide ya daɗe yana kallonsa daga saman jirgin. Maganar ta hau, kuma in da Wilfred ya yi wani abu, ita ce dai maganar da zai shirya. Ƙullin na bahago ne, wannan ba shakka. Amma mutum na iya ɗaure jirginsa lafiya, sannan wani ya same shi a wurin. Ya nemi alama a fuskar yaron da ya sani tun yana ƙarami, bai ga komai ba sai tsoro, tsoro kuwa mai laifi da marar laifi duk suna yin sa.

"Za mu je wurinta," ya ce. "Yau. Kai za ka faɗa da bakinka."

Sun same ta a barandar gidanta tana ɓare wake. Wilfred ya tsaya a ƙasan matakala, hula a hannu, ya faɗi komai. Alcide ya ƙara da nasa, ya ce tankin yana rumfarsa, kuma ɗazu ƙarya ya yi mata. Lorena ba ta daina ɓare waken ba har suka gama.

"Akwai wani bargo mai ruwan ƙasa a kan gadon?" ta tambaya.

Suka dubi juna. Alcide ya ce bai ga bargo ba, katifa ce kawai.

"Na mahaifiyarsa ne," ta ce. Ta ture kwanon gefe. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma faɗi abin da rashin bargon ya nuna mata ba. Ta ɗago ta kafa wa Wilfred ido har ya kau da kai. "Tun kaka ka sani. Kana wucewa ta ƙofar nan kana ce mini ina kwana."

"Miss Lorena, na ji tsoro ne..."

"Fita daga filina."

Ita da kanta ta kira 'yan sanda. Washegari suka shiga fadamar da karnuka da masu nutso, suka kwana biyu suna laluben tafkin da kewayensa. Ba su samu komai ba. Suka ɗauki Wilfred suka yi ta juya shi da tambayoyi, suka sake shi, suka sake kiransa, daga baya suka ƙyale shi da gargaɗi kan kayan da ya ɗiba, don Lorena ta ce ba ta son shari'a. Sun aika tambaya Texas, amsar da ta dawo ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Garin ya rabu. Wasu suka ce Norris yana can da wata mace, dama an san shi da 'yan tafiye-tafiye. Wasu suka ce ruwa ne ya ci shi a kwale-kwale. Wasu kuma in Wilfred ya shigo shagon ƙanƙara sai hira ta mutu. Earline ta yi mako biyu ba ta yi wa Alcide magana sai ta dole. Daga baya ta sauko, amma ba ta ƙara tambayarsa abin da ya gani a fadamar ba, shi ma bai tambaye ta abin da take zato ba.

'Yan sanda sun tafi da tankin, sun dawo da shi gidan Lorena. Aka buɗe kamu, jirage suka fita, na Alcide yana kan turaku da rami a ciki. Ya riga ya haƙura da kamun bana, sai ga ɗan'uwan Lorena ya kawo tankin a mota, ya ce ta ce a saka shi, ba ta son ganinsa a bayan gidanta.

Alcide ya yi jinkiri, sannan ya saka. Ya ɗaure shi da maɗauran ƙarfe, ya ja sababbin bututu zuwa inji, ya huda daɓe ta hagu tunda haka bakin yake, ya mayar da katako ya rufe. Ranar da aka tura jirgin ruwa aka cika shi da mai, ya zauna daidai, gaba da baya, kamar agwagwa. Mutane suka yi tafi. Wilfred yana can nesa a kan kwale-kwalensa, ya ɗaga hannu. Alcide ya ɗan jima kafin ya ɗaga nasa.

Yana loda ƙanƙara don fitarsa ta farko, Lorena ta zo bakin gaɓa. Ta tsaya ta dubi jirgin daga hanci har gindi.

"Yanzu kana iya kaiwa har ina da wannan man?"

"In na so, har gaɓar Texas in dawo."

"To in kamu ya kai ka can, ka riƙa shiga tashoshinsu kana sayen ƙanƙara. Ka riƙa duban mutane."

"In na gan shi fa, Miss Lorena?"

"Kar ka yi masa magana. Kar ma ya san ka gan shi. Ka zo ka faɗa mini kawai." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "In kuma ka je duk ba ka gan shi ba, wannan ma ka faɗa mini. Sai in san wanda zan sa wa ido a garin nan."

Ta juya ta tafi. A kamun waccan shekarar Alcide ya kai yamma sau da dama. Ya shiga tashoshi ya sayi ƙanƙarar da ba ya buƙata, ya zauna a shagunan kofi yana kallon hannun da mutane ke ɗaukar kofi da shi. Sau ɗaya ya bi wani mai faɗin kafaɗa har bakin mota, mutumin ya juyo, ba shi ba ne. Duk dawowa yakan biya ta gidan Lorena ya ce mata bai gani ba, ita kuma ta ce to, ta ba shi lemo ya kai wa Earline.